Mutumin da Na Binne a Rubuce

Shekarun baya, tun kafin yawancinku ku san wannan shafin, na taɓa fara wani littafi da ban gama ba. Tsofaffin mabiyana sun san shi, don har gobe akwai masu tsokanata da shi duk lokacin da na ce na fara sabon aiki. Yau zan gaya muku abin da ya tsayar da shi, tunda wadda abin ya shafa ta riga mu gidan gaskiya, 'yarta kuma ta ba ni izini.

Kun dai san halina. Wasu marubutan sai sun gama girki sun share murhu sannan su kira mutane, ni kuwa tun ina yanka albasa nake buɗe ƙofa. Duk abin da ya faɗo min a rai game da labari, ko a aji nake ina jiran yara su gama kwafar allo, ko a layin niƙa, sai in rubuta a waya in ɗora a shafi yadda yake, da kurakuransa da komai. Ɗanyen rubutu nake kiransa. Nakan ce wai don masu koyo su ga yadda ake haɗa labari nake yi. Gaskiyar magana kuwa, ban iya riƙe abu a ciki ba, kuma ina son a yaba min tun kafin in yi aikin.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Tudun Wada. Littafin a kan wani mahaƙin kuza ne a Riruwai, garin da ban taɓa takawa da wayona ba. Abin da na sani bai wuce wanda kowa a yankinmu ya sani ba, wato duwatsu, da tsofaffin ramukan da aka bari tun zamanin kamfani, da sababbin da matasa ke haƙawa da hannu, su shiga da igiya su fito da ƙasa a wanke a tace kuza. Sai na ƙirƙiri mutum, dogo, ɗan fari a gidansu, ya fita aiki da safe bai dawo ba. An ga takalmansa a bakin wani rami da ya rufta, an tona iya tonawa ba a ga gawa ba. Wasu kuma suka rantse sun gan shi a tasha a ranar, zai hau motar Jos. Uwarsa ta zauna tsakanin maganganun nan biyu, ba ta san wacce za ta kama ba. Ko suna ban sa masa ba, mutumin rami kawai nake ce masa, masu karatu ma suka ɗauka.

Wata rana ina wanke-wanke sai wani tunani ya zo min, a cike, kamar an miƙo min shi ta taga. Na goge hannu a zani na rubuta na ɗora nan take. Ga abin da na rubuta:

"Uwar tana da abin da take ɓoyewa. Duk kaka in an girbe dawa, takan zaɓi miƙaƙƙen kara ta gwada shi da ƙofar ɗakinta, ta ƙara taƙi guda, don haka tsawon ɗanta yake, sai ya sunkuya yake shiga. Ta yanke, ta soke shi a cikin rufin ɗaki inda ba mai gani. Irin karan da ake auna mamaci da shi ne a kai wa masu haƙa kabari. Tana so ranar da aka zo mata da labari, ko ƙasusuwa aka samu, kada a tsaya neman gwaji. In gara ta ci na bara, sai ta sake sabo."

Ranar na sha yabo har kaina ya kumbura. Wata ta ce tsigar jikinta ta tashi, wani ya ce anya Malama ba ta da mutanen ɓoye kuwa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina amsawa da dariya, ina jin kaina wata babbar marubuciya.

Daga nan kuma sai labarin ya cije. Na ɗan ƙara wasu guntaye a kan uwar, yadda take zama da yadda take kallon ƙofa, amma shi mutumin na rasa yadda zan yi da shi. Ga jarrabawar yara ta taso, ga lalaci irin nawa. Da masu karatu suka dame ni, sai na yi abin da na ɗauka wayo ne. Na rubuta: "To jama'a, mutumin rami ya gagare ni. In dawo da shi ne ko in kashe shi? Ku zaɓa, ni 'yar aike ce." Shafi ya kaure. Wasu na cewa a kashe shi mu huta, wasu na cewa ya dawo daga Kudu da mata da 'ya'ya da ƙaton ciki. Wani ma cewa ya yi a dawo da shi sannan mota ta kaɗe shi a ƙofar gida, don kowa ya samu nasa. Na yi dariya har da hawaye.

A cikin wannan raha ne wata mata da ban sani ba ta turo min saƙo ta gefe, ta ce don Allah in ba ta lambata, magana ce da ba ta rubutuwa. Na ba ta. Ta kira ni bayan an tashi daga makaranta, rana tsaka, ina tafe a hanya da jakar littattafan yara a kafaɗa. Muryar babbar mace ce, ta girme ni. Muka gaisa sosai, ta tambayi maigida da yara da aiki.

"Malama, daga Riruwai nake kira," in ji ta. "Don Allah wa ya ba ki labarin gidanmu?"

Na ce wane gida. Ta ce ita tela ce, tun da mijinta ya rasu ta dawo gaban mahaifiyarta. Tsohuwar idonta ya yi rauni, to da yamma in ta ɗaga daga kan keke takan karanta mata abubuwa a waya don ta ɗebe mata kewa. Da ta ga ina rubutu a kan garinsu sai ta fara karanta mata nawa. Yayanta, ɗan farin tsohuwar, haka ya ɓata. Takalma a bakin rami, da masu cewa sun gan shi a tasha.

Na yi salati, na ba ta haƙuri, na ce wallahi dacewa ce kawai, irin wannan ai ya faru da gidaje da yawa a garin haƙar ƙasa.

"Ni ma haka na ce," in ji ta. "Har ranar da na karanta mata maganar kara. Malama, ban kai ƙarshe ba Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta taka gado, matar da sai an kama ta take tashi daga tabarma, ta zaro kara daga cikin rufi ta kawo ta ajiye a gabana. Ni da nake kwana a ɗakin nan ban san da shi ba. Ba wanda ya sani. To ke a ina kika gani?"

Na tsaya cak a gefen titi. Rana ce mai zafi, 'yan acaɓa na wucewa, mai rake na kiran ciniki, amma ni sanyi nake ji tun daga tafin ƙafata.

Ta ce tun daga ranar tsohuwar ba ta cin abinci sai an karanta mata abin da na rubuta. Kullum tambayarta ɗaya ce, yau me ta ce a kansa. Kwanakin da ban ɗora komai ba, sai dai a ɗura mata koko da lallashi. Maganar zaɓen da na sa kuwa, ba ta karanta mata ba, ƙarya take mata cewa babu sabis. "Na ga abin da mutane ke rubutawa," ta ce. "Wasa suke, na sani. Amma don girman Allah kada ki kashe shi. Ko ƙarya ce, ki dawo mata da shi. In kika kashe shi, ita ma binsa za ta yi."

Kafin in isa gida na goge zaɓen daga shafi. Ban ma tsaya a gidana ba, na wuce wajen mahaifiyata na zayyane mata komai. Ta saurare ni tana tsince shinkafa, ta fara yi min faɗan da ta saba, cewa mutum ya riƙa baza cikinsa a kasuwa dole wata rana ya taka abin da ya fi ƙarfinsa. Sannan ta ɗago kai ta ce, "Ai a Riruwai aka yaye ki. Wajen gwaggon babanku aka kai ki, kin yi watanni a can. Wa ya sani ko gidan nan kika shiga, idon yaro ai ba ya mantuwa."

Wallahi ji na yi kamar an sauke min buhu daga ka. Ashe gani na yi ina ƙarama, abin ya kwanta a ƙwaƙwalwa ya taso yanzu. Na riƙe wannan bayani hannu bibbiyu. Kawuna, wanda malami ne mai karantarwa a zaurensa, yana gidan a ranar, ya ji komai. Shi bai damu da inda na samo labarin ba. Cewa ya yi, "Gaibu na Allah ne, ke ba ki san komai ba. Amma baiwar Allahn nan ta ɗauka kin sani. Haƙƙinta ne ki je da ƙafarki ki gaya mata da bakinki. Wannan ba maganar waya ba ce."

Ranar Asabar muka hau mota ni da mahaifiyata. Ita ta ce ba za ta bar ni in tafi ni kaɗai ba, wai bakina ba shi da linzami. Muka ratsa dajin Falgore, muka sauka a Doguwa muka sake wata motar. Kaka ce, dawa ta sunkuyar da kai a gonaki, wasu ma an fara karyawa. Da muka doshi Riruwai duwatsu suka taso gaba da baya, ga tulin jar ƙasa nan da can a gefen hanya, ga kududdufai masu koren ruwa da ko tsuntsu ban gani a bakinsu ba. Na yi ta leƙe ta taga ina jiran in tuna wani abu. Ban tuna komai ba.

Telar ta tare mu a tasha ta kai mu gida. Mahaifiyata ta dubi unguwar ta ce ba nan ba ce, gidan gwaggo yana can ɗaya ɓangaren garin. Na ce ai yaro yawo ake da shi a goye. Muna tafe na tambayi telar, cikin dabara, shekara nawa da ɓatan yayanta. Ta ba ni amsa. Na lissafa a zuci, na sake lissafawa. Lokacin da ya ɓata ina makarantar kwana a Kiru, budurwa ce ni. Lokacin da aka yaye ni kuwa shi ma yaro ne yana wasan ƙasa, babu rami, babu kara. Na kalli mahaifiyata, ita ma ta ji, ta kawar da kai ta shiga gyaran mayafi.

Tsohuwar tana zaune a kan tabarma a inuwar ɗakinta, 'yar ƙanƙanuwa, ta rame har zobe ya yi mata yawa ta ɗaure shi da zare. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ni dai idona na kan ƙofar ɗakin da ke bayanta. Gajeriyar ƙofa ce ta katako, irin wadda dogon mutum sai ya sunkuya. Karan bana yana jingine a jikin bango, sabo, ganyensa bai gama bushewa ba.

"Wace ce mai rubutun a cikinku?" ta tambaya.

Na ce ni ce, Inna. Ta ce in matso. Ta kama fuskata da hannuwanta masu sanyi ta shafa, goshi da kunci da haɓa, ta daɗe tana yi. Sannan ta sake ni ta ce, "Yarinya ce ma."

Na faɗi abin da na zo faɗa, yadda na yi ta bitarsa a mota. Na ce Inna, ni ban san ɗanki ba, ban taɓa ganinsa ba, ban san inda yake ba. Ba na duba, ba na mafarki, ba wanda ke gaya min komai. Labari ne nake ƙirƙira da kaina, ƙarya ce irin ta masu littafi. Maganar kara ma ban san yadda aka yi ta zo min ba. Ki yafe ni.

Ta saurara har na gama. "Na ji," ta ce. "Ba ki san komai ba. Ni ma ban ce ke waliyyiya ba ce. To yanzu ina kika kai shi?"

'Yarta ta yi caraf ta ce, "Dawowa zai yi, Inna. Malama ta ce yana nan da ransa a labarin, dawo da shi za ta yi." Tana magana tana ƙifta min ido.

"Ke rufe min baki," in ji tsohuwar, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Kin ɗauka ban san sabis ɗinki da ke ɗaukewa in ya ga dama ba?" Ta juyo wajena. "'Yar nan, ni ba dawo da shi nake so ki yi ba. Na dawo da shi a raina ya fi a ƙirga. Duk sallamar da aka yi a zaure sai na ce shi ne. So nake ki binne min shi."

'Yar ta fashe da kuka ta ce haba Inna, wace irin magana ce wannan.

"Ke da mijinki ya rasu, kin ga an fita da shi," tsohuwar ta ce mata. "Kin yi takaba kin fita. Kin san gefen da yake kwance. Ni fa? Mutane sun cika gidan nan a lokacin, kowa ya zo bakin ƙofa sai ya rasa abin da zai ce min. Mai cewa Allah ya bayyana, mai cewa Allah ya sa a ji alheri. Har yau ba mahalukin da ya taɓa yi min gaisuwa. In na ce Allah ya jiƙansa, sai in ji kamar na kashe shi da bakina. In na ce Allah ya dawo da shi, sai in ji kamar na hana shi addu'ar da yake bukata. Na gaji, 'yar nan. Ƙafata ɗaya a kabari, ina so in san wacce addu'ar zan tafi da ita."

Na ce, "Inna, in kuma yana raye fa?"

"In yana raye, rubutunki ba zai kashe shi ba. In kuma ya mutu, ba ke kika kashe shi ba. Ni dai ki sa a samo shi, a wanke shi, a sa masa likkafani, a yi masa salla kamar kowane ɗan Musulmi. In ji da kunnena."

Na waiwayi mahaifiyata ina neman ceto. Matar da ta yi ta min faɗa a kan rubutun nan, sai ga shi ta gyaɗa min kai.

Telar ta shigar da ni ɗakin ɗinkinta, har lokacin tana share hawaye, ta ja min kujerar keke ta fita. Daga inda nake ina jin su a tsakar gida, mahaifiyata ta jawo kwaryar gyaɗa suna ɓarewa da tsohuwar, suna hirar mutanen da da suka sani. Na buɗe waya. Ni da na yi makonni labarin nan ya ƙi motsi, sai ga shi yana zuba, yatsuna ba sa ko tsayawa. Na rubuta yadda wasu matasa masu sabon rami suka fasa cikin tsohon, suka same shi a kwance a gefensa na dama, ƙasar wurin mai sanyi ta riƙe shi bai lalace ba. Na rubuta yadda aka fito da shi da igiya a hankali, aka rufa masa bargo, aka kawo shi gida ta wannan zauren. Na kai wajen wanka, na rubuta cewa mai wankan ya sa auduga yana goge jar ƙasar da ta cika masa kunne.

Ban ɗaga yatsa daga kan kalmar ba sai na ji muryar tsohuwar daga waje, ta katse hirar da suke yi. "'Yar nan, ki ce su bi kunnen nan a hankali. Na hagun yana masa ciwo tun yana yaro."

Wayar ta suɓuce ta faɗi a kan cinyata. Tsakanina da ita akwai bango da labule, ga shi ko a gabanta na ajiye rubutun ba gani za ta yi ba. Na zauna ina kallon labulen yana motsi kaɗan-kaɗan, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Na san za ku ce duk uwar da ke tunanin wankan ɗanta da ya kwanta a ƙasa dole ta tuna kunne. Ni ma haka nake gaya wa kaina har yau. Na ɗauki wayar na ƙara cewa mai wankan ya sassauta hannu da ya zo na hagu.

Wajen la'asar na gama. Na ce in karanta mata da kaina, ta ce a'a, in sa shi inda na saba sawa, 'yarta ta karanta mata yadda suka saba. Sai na ɗora shi a shafi, ɗanye, ban ko sake dubawa ba. Telar ta je kusurwar katanga inda sabis ke kamawa ta buɗe, ta dawo ta zauna a gaban uwarta ta fara karatu da dasasshiyar murya. Tsohuwar ta ture kwaryar gyaɗa, ta gyara ɗankwali, ta miƙe zaune sosai.

Akwai abin da na manta. A wajen da ladan zai yi sanarwa a lasifikar masallaci, ana bukatar suna, ni kuwa ban da shi. Kunya ta hana ni fitowa in tambaya a tsakiyar rubutu, sai na bar gurbi da ɗigo-ɗigo da niyyar in cike daga baya, kamar yadda na saba yi a ɗanyen rubutu. Telar ta karanto, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ana sanar da jama'a cewa Allah ya yi wa…" Ta tsaya. Ta ɗago ta kalle ni. Na sunkuyar da kai.

Sai tsohuwar ta faɗi sunan.

Kun san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle irin matan da. Daga baya telar ta gaya min tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan nan a bakin uwarta ba, sai dai wannan yaron, ko yayanku. Amma ranar ta faɗe shi cikakke, da nasa da na mahaifinsa, da ƙarfi yadda ladan zai faɗa, har wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Sannan ta ce, "Ci gaba."

Telar ta ci gaba tana kuka tana karatu. Aka yi sahu a ƙofar gida, aka sallace shi, aka ɗauke shi, aka sa shi a makwancinsa aka mayar da ƙasa, aka yayyafa ruwa. Da ta kai ƙarshe ta ajiye wayar. Can mahaifiyata ta matsa kusa da tsohuwar ta durƙusa sosai, ta ce, "Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya sa can ta fi masa nan."

Tsohuwar ta ja dogon numfashi. "Amin," ta ce. "Amin, na gode." Sai a lokacin hawaye ya zubo mata, ba kuka mai sauti ba, zuba kawai yake tana amsawa. Maƙwabciyar da ta leƙo ta zagayo ta shigo, ta tambayi telar a hankali ko labari aka samu. Tsohuwar ce ta ce mata, "An samu." Matar ta durƙusa ta yi gaisuwa ta fita. Kafin mu kama hanya don kada mu rasa mota, mata sun fara shigowa da mayafansu bibbiyu, ana shimfiɗa tabarmi. Ina fita na ji tsohuwar tana ce wa 'yarta ta ɗora tukunya, baƙi za su yi yawa, ita ma yunwa take ji.

A mota sai da muka wuce Doguwa sannan na ɗauko waya. Da na buɗe shafi na tarar masu karatu suna ta yabo, wai wannan ne mafi kyawun abin da na taɓa rubutawa, wasu kuma na mita wai na yi gaggawar kashe shi, wani yana tambaya me ya sa na bar gurbin suna. Ban amsa wa kowa ba. Littafin kuma daga nan ya tsaya, don duk lokacin da na buɗe shi sai in ji kamar ina tona kabari.

Da na ba kawuna labari ya daɗe yana jan carbi. Ya ce rubutuna ba shaida ba ne, ba ya tabbatar da mutuwar kowa a shari'a, amma addu'ar rahama ba ta cutar da mai rai. Iyakar abin da ya ce ke nan, ni ma ban nemi ƙari ba.

Ban daina ɗora ɗanyen rubutu ba, kun gani da idonku, hali ne ya riga ya bi jiki. Amma ban ƙara sa ran wani a zaɓe ba, ko da na ƙirƙira ne, don yanzu na san ban san wa ake karanta wa a wata tsakar gida ba. Kuma har yau in jimla ta zo min da sauƙin da ya yi yawa, a cike kamar an miƙo min, nakan ajiye wayar in fita tsakar gida in ɗan tsaya cikin mutane. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Ban san daga ina maganar karan nan ta zo ba, na kuma daina neman sani.

Abu ɗaya ne ya rage da yake hana ni sakat. Shafin nan a buɗe yake, ban san iyakar masu karanta shi ba. Mutanen da suka ce sun ga wani dogo a tasha a ranar, ba wanda ya taɓa ƙaryata su. To bawan Allah, in kana raye a wani gari, kuma wannan rubutun ya iso gare ka, ƙanwarka tana nan a gidan, ba ta tashi ba. Mahaifiyarku ta ƙara ganin damuna fiye da ɗaya bayan zuwanmu, ta yi ƙiba har an kwance zaren zobenta. Ta rasu da rana, a kan tabarmarta, ba ta jiran kowa.